Aron Gona a Pleasant Garden

Mijina Habibou ba ya shakkar kowa. Na ji shi yana ɗaga wa shugabansa na wurin aiki murya ta waya, na ga ya kori masu tallan inshora tun ba su gama gaisuwa ba, ni kuwa gardamar da muka sha da shi ba ta lissafuwa. Mutum ɗaya ce a duniya take sa shi ya zama ɗan rago, ita ce mahaifiyata, Inna Fassouma. Da ya ji motsinta a falo zai durƙusa ya sunkuyar da kai, kome ta faɗa amsarsa ɗaya ce: "To, Inna." Haka aka rene shi a Maradi, suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, balle ya yi mata musu. Da har alfahari nake da wannan kunyar tasa a gaban matan masallaci. Ita ce kuwa ta kusa raba ni da uwata.

Inna ta zo Greensboro, a ƙasar Amurka, a ƙarshen sanyin shekarar 2006, lokacin da na haifi 'yarmu ta fari, wadda kowa yake kira Bebi. Ni ce autarta. Baba ya rasu, yayyena kowa yana fama da nasa gidan, saboda haka da aka gama jego na ce babu inda za ta koma. Na riga na zama 'yar ƙasa, sai muka shigar mata da takardun zama, muka zauna jiran a kira ta intabiyu. Lauyar da ta yi mana aikin ta ja mana kunne sosai. Ta ce kafin wannan ranar, kada sunan Inna ya shiga bakin ɗan sanda ko da a kan abin da bai taka kara ya karya ba, domin a shekarun nan tsohuwa mai lulluɓi daga ƙasar Musulmi ba ta buƙatar wani babban laifi kafin a ce ta tattara nata ya nata. Dariya na yi a ofishin. Na ce Inna da ko bakin titi ba ta fita, ina za ta gamu da ɗan sanda?

Gidanmu yana Pleasant Garden, kudu da gari, inda gidaje suke nesa da juna, ba ka ganin kowa a ƙafa sai a mota. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, Habibou yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Mu fita da safe, mu dawo kamar an yi mana duka. Inna kuwa, macen da ta tsufa da fartanya a hannu, ga ta an ajiye ta gaban talabijin da ba ta jin abin da yake faɗa. Ba a daɗe ba ta fara ramewa. Da gari ya yi ɗumi ta ce a sayo mata fartanya, matan masallaci suka haɗo mata irin kuɓewa da yakuwa da wake. Ta goya Bebi ta nufi bayan gida, kuma tun daga ranar kumatunta suka fara dawowa.

Bayan gidanmu akwai layin wasu dogayen itatuwa, bayansu kuma fili ne mai ciyawa har ƙugu. Ni ban taɓa taka wurin ba. Ina tsoron kaska, ina tsoron maciji, kuma a zatona duk namu ne, tunda Habibou ne ya karanta takardun gidan. Abin da na sani kawai shi ne tun watan Yuli muke shan miyar kuɓewa ɗanya wadda ko a Maradi sai an dace, har muna aika wa mutane a leda.

Wata Asabar a farkon Satumba na dawo daga aikin safe na tarar da Dalila a tsaye a bakin ƙofa. Ƙanwar Habibou ce, tana karatu a jami'a cikin gari, duk ƙarshen mako takan zo mana da wankinta da littattafanta. Yarinya ce mai surutu, amma ranar ko sannu ba ta yi min ba.

"Anti, maƙwabcinku ya zo."

"Wanne?"

"Mista Gregory. Mai jar motar nan a-kori-kura."

Gidan Mista Gregory yana kallon ɗaya titin ne, bayansa da namu suka haɗe. Dogon dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gini, yana zaune shi kaɗai. Tsakaninmu da shi ɗaga hannu ne daga cikin mota, shi ke nan.

Dalila ta ce, "Wai jiya ya dawo ya tarar da kwano cike da kuɓewa da ganye a bakin ƙofarsa, bai san daga ina ba. Yau da safe ya zagaya bayan filinsa, sai ya ga an share masa wuri an yi gona. Ya biyo 'yar hanya har nan. Ya ce wannan tirespasin ne, shiga filin mutum ba izini, ga kuma ɓarna. Gobe in ya taso daga coci zai dawo ya ga mai gidan. Ya ce bai kira sherif ba tukuna."

Sherif shi ne ɗan sandan da ke kula da wajen gari irin namu. Jakata ta suɓuce daga kafaɗata, ban ko tsaya ɗauka ba na shige ciki.

Inna tana zaune a ƙasa a kicin, ta miƙe ƙafafu tana yanka kuɓewar da za ta shanya. Na tambaye ta ko ita ce ta kai wa mutumin nan kwano.

"I, ni na kai mishi," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rabon mai hili ne. Da na so in jira kaka, amma kunya nika ji, muna ta ci mai ƙasa bai ɗanɗana ba."

"Inna, wato kin san filin ba namu ba ne?"

"Yo ina zan rasa sani? Ga ƙarhe nan an kahe a iyaka, makaho ma ya gani. Aro na yi. Tun kahin in sa hauya na aiki mai gidan ga ya roƙa min, ya dawo ya ce an gama."

Mai gidan ga, wato Habibou, yana shigowa na tare shi a gareji, na rufe ƙofa. Bai ma yi ƙoƙarin musu ba. Ya jingina da mota yana sosa ƙeya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Ta ce in tambayi maƙwabci, na ce to. Na ɗauka za ta manta."

"Inna ce za ta manta da gona?"

"Ramlatou, ki duba mana. Ta yaya zan je in ƙwanƙwasa wa Ba'amurke ƙofa in ce surukata tana son aron bayan gidanka? Mahaukaci zai ɗauke ni. Da ta sake tambaya kuma me kike so in ce? In dubi tsabar idonta in ce ban je ba?"

"E! Abin da nake so ka ce ke nan, Baban Bebi!"

Na faɗa masa maganganu a garejin nan waɗanda ba zan maimaita ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Ina magana ina ganin Inna a filin jirgi da jakarta mai zif ɗin da ya lalace, ta koma ɗakin da babu mai kawo mata ruwa in zazzaɓi ya kama ta.

Bayan la'asar muka zauna a teburin cin abinci mu uku. Inna tana ɗakinta, dama in Habibou yana wuri ba ta zama. Ya ɗan dawo hayyacinsa, har ya fara magana irin ta masu dabara.

"Bon, a kwantar da hankali. Filin banza ne. Ciyawa ce da macizai, shekara da shekaru bai taɓa yin komai da wurin ba. Gyara masa muka yi. Gobe haka zan gaya masa, in mai hankali ne ma godiya zai yi mana. Wala, shi ke nan."

Dalila ta ajiye cokali. "Yaya, don Allah ka faɗi kowace magana, ban da wannan."

"Saboda me?"

"Ba ka ga tambarin da ke bayan motarsa ba? Ɗan ƙabilar Lumbi ne. 'Yan asalin ƙasar nan ne, su Turawa suka tarar. Kuma maganar da ka faɗa yanzu, wallahi ita muke karantawa a kilas tun da aka koma."

Habibou ya yi tsaki, amma Dalila in ta ɗauko zance sai ta kai shi gida. Ta ce lokacin da Turawan Sifen suka iso wannan nahiya, kusan shekaru ɗari biyar da suka wuce, malamansu sun zauna suna gardama a kan tambaya ɗaya: mutanen da muka tarar, ƙasar tasu ce ko ba tasu ba ce? Wani malamin coci ya tsaya a kan cewa tasu ce, ko da ba addininsu ɗaya ba, kuma babu sarkin da ke da ikon kyauta da abin da ba nasa ba. Ta ce daga irin wannan gardamar aka fara ƙirƙiro dokokin da ƙasashen duniya suke bi a tsakaninsu yau.

"To ai mutumin kirki ne," na ce, don dai ta gama.

"Tsaya, Anti. Shi ɗin dai ya ƙara da cewa baƙo yana da haƙƙin ya shigo, ya zauna, ya yi ciniki, in kuma masu ƙasa suka hana shi, to yaƙi ya halatta. Wato ƙasarku ce, amma ba ku isa ku ƙi ba. Waɗanda suka zo daga baya ma ba su wahalar da kansu ba. Cewa suka yi duk ƙasar da ba a nomawa, wanda ya sa mata garma shi ne mai ita. Suka dubi dajin da mutane ke farauta da wuraren da aka bari su huta, suka ce filin banza ne, gyara muka zo yi."

"Ke da bokonki," in ji Habibou. "Muna maganar kuɓewa, kin kai mu Sifen."

Ni ma a lokacin Sifen ba ta dame ni ba. Amma ƙofar ɗakin Inna ba ta da kauri, gidajen nan duk kwali ne. Sai muka ji ta buɗe. Habibou ya zame daga kujera ya durƙusa. Inna ba ta dube shi ba, ni ta kalla, domin ba ta yi masa magana kai tsaye in abin ya yi nauyi.

"Ramlatou, tambayi mai gidan ga. An roƙa ko ba a roƙa ba?"

Habibou ya ƙara sunkuyar da kai. Bebi ce kawai take buga cokali a tire.

"Ashe ba a roƙa ba," Inna ta ce a hankali. "Ashe da tsuhwana kunka maida ni ɓarauniyar ƙasa."

"Inna, ba haka ba ne…"

"Haka ne. Ina yarinya babanmu na da hwadama, ya bar ta ta huta. Kumandan na Nasara ya biyo ya ga ciyawa, ya ce ba ta da mai ita, anka shuka mishi gujiya. Har babanmu ya mutu, in ya bi ta wurin kau da kai shikai. Yau ni ce na yi ma wani."

Na bi ta ɗaki ina ƙoƙarin yi mata bayanin sherif da intabiyu da abin da lauya ta ce. Ko a jikinta. "In sun maida ni gida, ai gida na tahi," ta ce. Wannan maganar ce ta sa ni kuka, domin na gane abin da nake tsoro daban, abin da ke cin ranta daban. Tuwon da na kai mata haka na ɗauke shi.

Ranar Lahadi bayan azahar Mista Gregory ya ɓullo ta cikin itatuwa, da kayan cocinsa, da waya a ɗaure a ɗamararsa. Na yi masa tayin shiga ciki, na ce akwai shayi. Ya ce ya gode, nan ma ya isa. Muka tsaya cirko-cirko a bayan gida, ni da Habibou da Dalila.

Habibou ya fara da kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ya gaishe shi, ya ba da haƙuri, ya ce kuskure ne aka yi. Mista Gregory yana saurare bai ce uffan ba. Shirun nan ne ya rikita mijina. Mutumin da ba ya iya jure shiru, sai ya ci gaba da zuba, ina ji ina gani ya gangara inda aka ce kada ya je.

"Kuma ka ga, yallaɓai, wurin dama ba a amfani da shi. Ciyawa ce kawai. Yanzu an share, ya fi kyau, macizai ma…"

Dalila ta rufe ido. Ni kuwa da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi.

Mista Gregory ya dube shi na ɗan lokaci. Da ya buɗe baki bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Kakana yana da gona a kudancin jihar nan, a gefen kogi. Wata rana wani ya zo ya gaya masa wannan maganar da ka gaya min yanzu. Ban taɓa zaton zan ji ta a bayan gidana ba." Ya nuna filin da haɓarsa. "Rabin rayuwata na yi ina ɗora bango a gidajen mutane kafin in sayi wurin can. Gaskiyarka, ba na yin komai da shi. Da yamma nakan zauna in kalle shi. Ba sai na ba kowa dalili ba."

Ya zaro wayar daga ɗamara ya buɗe ta. Na buɗe baki zan roƙe shi, Turancin da nake yi kullum a wurin aiki ya gudu ya bar ni.

Sai ga Inna ta fito daga kicin, ta ɗaura ɗamara da mayafinta, fartanya a kafaɗa. Ta ce wa Dalila, "Ke ɗiyar ga, mi sunka ce? Kar ki rage min komi." Dalila ta faɗa mata duka, na yayanta da na baƙon.

Inna ta gyaɗa kai. "Gaya mishi shi ke da gaskiya. Ƙasa tashi ce, ciyawar ma tashi ce, macizan ma nashi ne. Gaya mishi ni na shiga, ni zan hita."

Ba ta jira a gama fassara ba ta wuce mu ta shiga cikin itatuwa. Muka bi ta a baya, har da Mista Gregory da wayarsa a buɗe a hannu.

Ranar na fara ganin gonar. Ban san haka take ba. Kunya-kunya a miƙe a kan jar ƙasa, kuɓewa ta fi Inna tsawo, furanninta rawaya sun buɗe, yakuwa ta yi jajir a gefe, wake ya malale a tsakani. Duk wannan tsohuwa ɗaya ce ta yi shi da goyo a baya, muna can muna cewa mun gaji. Ta tsaya a bakin kunyar farko, ta yi bisimilla, ta ɗaga fartanya ta sare gindin kuɓewa. Ta faɗi da 'ya'yanta a jiki. Ta matsa ta sare ta gaba.

"Me take yi?" in ji Mista Gregory.

"Tana mayar maka da filinka," in ji Dalila.

Inna ta ci gaba da sara. Ba ta gaggawa, ba ta kuma waiwaye. A nan ne Habibou ya yi abin da ya kamata ya yi tun watannin baya. Ya matsa kusa da dattijon, gumi yana zuba masa, ya ce, "Yallaɓai, ba laifinta ba ne. Ta aike ni in roƙe ka tun kafin ta fara. Ni ne ban je ba, na ce mata ka yarda. Sai jiya ta sani."

"Me ya sa ka yi haka?"

"Uwar matata ce. A wurinmu ba a iya yi mata musu."

Mista Gregory ya dubi Habibou, ya dubi Inna da ta kusa kai rabin kunya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ce ta tsaya." Sai da Dalila ta riƙe ƙotar fartanyar sannan Inna ta tsaya, tana haki.

Ya zagaya gonar a hankali, takalman cocinsa suna nutsewa a ƙasa. Ya tsaya wurin ƙarfen iyaka. A ɓangarenmu, a cikin inuwar itatuwa, akwai wani ɗan dashen ɓaure da wata mata ta ba Inna, ya yi tsamo-tsamo saboda rashin rana. Ya nuna shi ya ce a tambaye ta, tunda ta iya noma haka, me ya sa ta dasa shi a inuwa ga rana nan a buɗe taku kaɗan gaba?

"Ba a dasa itace a gonar aro," in ji Inna, kamar an tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum. "Ba a gina rijiya. Itace na daɗewa, jikoki su tashi su ce kakarmu ta dasa, wurin namu ne. Abin da za ya mutu da kaka shi kaɗai aka shukawa."

Ya ce kwanon fa? Biyan haya ne?

Da Dalila ta fassara, Inna ta ɗan ɓata fuska. "Wace haya, kwano guda? Duk shekara aka kai shi, da rana tsaka, don yaran mai aro su gani da idonsu su san ƙasar ga na da mai ita."

Mista Gregory ya juya ga filinsa. Iska tana kaɗa ciyawar da ta rage a bayan gonar, yana kallonta. Ni kuwa wayar nake kallo, ba na ko ƙiftawa. Ya dube ta shi ma kamar ya manta tana hannunsa, ya rufe ta, ya mayar ɗamara.

"Ba zan kira kowa ba," ya ce. "Ta ƙarasa shekarar nan, ta girbe abinta. Kada ta sake sare ko ɗaya."

Dalila ta faɗa wa Inna. Na zaci za ta yi godiya mu tafi, amma Inna ba ta gama ba. Ta ajiye fartanya, ta goge hannuwanta a zane, ta gyara ɗankwali, ta tsaya a gabansa. Ta gaishe shi tun daga farko kamar yanzu suka haɗu: ina wuni, ina gajiya, ina iyali, ina aiki. Dalila tana fassarawa, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya da mamaki a fuskarsa. Sai da ta gama tsaf sannan ta ce, "To, ɗiyata, gaya mishi wannan karon ba ni aiken kowa. Ina roƙon aron wurin ga baɗi, in Allah ya kai mu, in ya ga dama."

Raina ya ce, Inna, an ba mu rai, kina neman ƙari? Na so in toshe wa Dalila baki, amma ta riga ta faɗa.

Ya dubi gonar, ya dubi ciyawar da ke bayanta. Sannan ya girgiza kai. "Ki gaya mata ban yarda ba. Baɗi ina son ciyawata ta dawo."

Na saci kallon Inna ina jiran ganin ɓacin rai. Sai na ga fuskarta ta saki, karon farko tun jiya.

"Madalla," ta ce. "Haka mai ƙasa ke magana. Da kaka in share mishi wurin in bar shi yadda na ishe shi. Allah shi ba shi lahiyar kallon abinai."

Mista Gregory ya ɗan rusuna mata, ya gyaɗa wa Habibou kai, ya juya ya ratsa ciyawarsa ya nufi gida. Habibou ya sulale ya koma ciki wai zai duba Bebi, Dalila ta bi shi tana yi masa tsiya ƙasa-ƙasa.

Ni dai ban iya tafiya ba. Na zauna daɓas a kan jar ƙasar nan da kayana masu kyau, ban tuna da kaska ba, ban tuna da maciji ba. Na kama bakin zanen Inna na riƙe kamar ranar da ta fara kai ni makaranta. Kuka nake yi, dariya tana ƙwace min a ciki.

"Ke, mi ya same ki?"

"Inna, ba za su ɗauke min ke ba."

Ta dube ni daga sama. Ta ɗora tafin hannunta mai kaushi a kaina ta bar shi a nan har numfashina ya daidaita. Sannan ta ce, "To tashi hakanan. Tsince min kuɓewar da na sare kahin rana ta kashe ta."

Na tashi na bi kunyar ina tsinta ina zubawa a mayafina, hannuwana suna ƙaiƙayi har gwiwar hannu. Inna tana bayana tana faɗa wai ban iya tsinka ba, ina ɓata mata ƙanana. Na bar ta ta yi ta faɗan, don ban gaji da jin muryarta ba.